Yadda Ake Gwada Tsarin Tsaron Shiga Ramin Injin Hanzarta Ƙwayoyin Zarra

Injin hanzarta ƙwayoyin zarra yana ɗaukar furoton ko ilektron ya kora su cikin bututu har gudunsu ya kusa kamo na haske. Jerin ƙwayoyin nan masu gudu, wanda ma'aikata ke kira bim, ido ba ya ganinsa, kunne ba ya jinsa, hanci ba ya sansano shi. A ranar 13 ga Yuli 1978, Anatoli Bugorski ya sa kansa a hanyar bim ɗin furoton na injin U-70 da ke Protvino a Tarayyar Sobiyat, bayan na'urorin tsaro sun gaza. Ya rayu, amma rabin fuskarsa ya shanye, kunnensa na hagu ya daina ji.

Aikin tsarin tsaron shiga bai wuce abu biyu ba: muddin akwai mutum a ramin da injin yake ciki, bim ba zai zo ba, muddin akwai bim, mutum ba zai shiga ba. Ana gina shi da sarƙa biyu, A da B, kowacce da makunnanta da wayoyinta da rilenta (rile makunni ne da wutar lantarki ke sarrafawa), kowacce kuma ita kaɗai ta isa ta kashe injin. Matsalar a nan take. Idan sarƙar B ta mutu yau, A za ta ci gaba da aiki, ƙofa na buɗewa bim na tsayawa, fitilun allo na nuna kore, ba wanda zai san an koma dogaro da ƙafa ɗaya. Dalilin gwajin ke nan: a tono lalacewar da ta ɓuya a bayan lafiyar 'yar'uwarta. Gwajin da ya tsaya a "mun buɗe ƙofa, bim ya ɗauke" bai gano komai ba.

Sau nawa ake yi

Yawancin cibiyoyi suna yin cikakken gwaji sau ɗaya a shekara ko duk wata shida, sannan duk lokacin da aka taɓa wata waya ko aka sauya wani ɓangare. A CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai da ke kusa da Jeneba, ba a sakin bim cikin ramin babban injinta LHC mai kewayen kilomita 27 bayan hutun gyara na shekara sai jami'an tsaro sun kammala nasu gwajin sun sa hannu. A Amurka, umarni mai lamba 420.2 na Ma'aikatar Makamashi ne ke tafiyar da tsaron irin waɗannan injuna.

Lissafin tazarar ba wuya. Ɗauki misalin makunnin da ke yin lalacewar ɓoye sau ɗaya cikin awa miliyan. In ana gwada shi duk shekara, wato awa 8,760, yiwuwar a same shi a mace ranar da ake bukatarsa ita ce rabin 0.00876, kimanin 0.0044. A mayar da gwajin duk wata shida, ta koma 0.0022. A ɗage shi zuwa shekara biyu, ta ninka zuwa 0.0088. Matakin SIL 3, ɗaya daga matakan ingancin tsarin tsaro na ƙa'idar duniya IEC 61508, yana neman adadin ya kasance tsakanin 0.0001 da 0.001, abin da makunni ɗaya irin wannan ba zai kai ba. Sarƙa biyu suna sauko da shi zuwa wajen 0.00003 a takarda, amma da sharaɗin cewa ranar da aka gama gwaji dukkansu biyun lafiyarsu ƙalau.

Shiri kafin ranar

A fito da zanen wayoyi na ƙarshe da aka amince da shi, a ɗora shi kusa da takardar gwaji, a bi layi-layi. Kowane makunni, kowane maɓallin gaggawa, kowane makulli da ke cikin zane dole ya sami layinsa a takarda, da gurbi biyu na sakamako, na A da na B. In an ƙara ƙofa a bara ba a ƙara ta a takarda ba, ba ranar da za a gwada ta.

Mutane aƙalla huɗu ake bukata. Biyu a rami, ɗaya na taɓawa ɗaya na shaida. Ɗaya a gaban akwatunan rile da mitar awon wuta a hannu. Ɗaya a ɗakin sarrafawa riƙe da takarda, shi ne jagora, shi kaɗai ke cewa a wuce mataki na gaba. Wanda ya yi gyara a wani ɓangare ba shi zai shaida gwajin wannan ɓangaren ba, domin idonsa abin da ya yi niyyar yi zai gani, ba abin da hannunsa ya yi ba.

Kayan aiki: oba-oba da aka caja, mitar wuta mai shaidar daidaito da ba ta ƙare ba, agogon awon daƙiƙa, rula, kwaɗuna da alamun rataye, faranti ko maganaɗisun da ake riƙe makunnin ƙofa da su, da wayoyin tsallake, wato waɗanda ake zagaye makunni da su. Wayoyin tsallaken nan a ba kowacce lamba, a yi su da launi mai ɗaukar ido, a ɗaura musu dogon ƙyalle yadda murfin akwati ba zai rufu a kansu ba. A ƙirga su da safe a rubuta adadin.

Mataki na 1: a kashe haɗarin da hannu

Ranar gwaji ba a dogara da tsarin da ake gwadawa. Kafin kowa ya sa ƙafa a rami, a yanke wutar tushen ƙwayoyi, da ta na'urorin RF masu tura su, da ta manyan maganaɗisu, a sa kwaɗo a kan kowane abin yanke wuta, makullin na aljihun wanda ke cikin rami. Sannan a gwada kunnawa daga ɗakin sarrafawa don a tabbatar ya ƙi.

Kashe tushen ƙwayoyi kaɗai ba ya wadatarwa, kuma wannan darasi ne da aka biya da jikin mutane. A watan Agusta 1991 a Forbach ta Faransa, ma'aikata uku suka shiga ɗakin wani injin ilektron na masana'anta, an kashe tushen amma an bar babbar wutar hanzartawa a kunne. Ilektron ɗin da ke ɓallewa da kansu daga jikin ƙarfe saboda ƙarfin wutar suka ƙona su. A watan Disamba na wannan shekarar aka maimaita irinsa a jihar Maryland ta Amurka, har aka yanke wa ma'aikacin yatsu. Haka ma na'urorin RF: ko babu bim, suna fitar da hasken eksire mai haɗari in suna kan cikakken ƙarfi.

Mataki na 2: duba da ido

A zagaya a ga makunnan da nocinsu ya saki, wayar da ta goge a jikin ƙarfe, ruwa ko tsatsa a akwati, robar waya da radiyeshan ya busar har tana farfashewa in an lanƙwasa. A duba hatimin akwatunan rile ko an karya. In tsarin yana da kwamfutar tsaro ta PLC, a karanta lambar sa hannun manhajarta a gwama da wadda aka rubuta a gwajin baya. Harafi ɗaya ya bambanta, a tsaya, sai an gano wa ya sauya me. A kuma tabbatar babu wata shigar sigina da aka tilasta ta zauna a "lafiya" daga cikin manhaja, don wannan wayar tsallake ce da ido ba ya gani.

Mataki na 3: ƙofofi, sarƙa ɗaya bayan ɗaya

Nan ne zuciyar aikin, nan kuma aka fi yin ha'inci in gajiya ta zo.

Kowace ƙofa tana da makunni biyu, kuma an fi so su zama iri dabam-dabam, ɗaya mai hannu da ƙofa ke turawa, ɗaya mai maganaɗisu, don kada ciwo ɗaya ya kama su tare. An haɗa su ta yadda wuta, yawanci bolt 24, take gudana ne kawai in ƙofa na rufe. Waya ta tsinke, fis ya ƙone, wuta ta ɗauke, duk tsarin zai ɗauka ƙofa a buɗe take.

Ga yadda ake yi. A rufe ƙofa, a saita tsarin har sarƙoƙi biyu su ba da izini. Mai mita ya tabbatar da bolt 24 a kan rilen A da na B. Sai a riƙe makunnin B a matsayin "rufe" da faranti ko maganaɗisu, a buɗe ƙofa a hankali. A ya kamata ya faɗi, wato rilensa ya saki, B ya tsaya. Mai mita ya faɗi abin da ya gani kafin jagora ya faɗi abin da ake tsammani, in jagora ya riga shi cewa "A ya faɗi ko?", amsar da zai samu "e" ce. Sai a rufe, a sake saitawa, a riƙe A, a buɗe, B ya faɗi shi kaɗai.

Abubuwa uku ake lura da su a nan. Na farko, in an buɗe makunnin A amma rilen B ne ya faɗi, an musanya wayoyi a wani akwati. Tsarin zai yi aiki a haka shekara da shekaru, sai ranar da aka yi gyara a kan zanen da ba daidai ba. Na biyu, in an buɗe makunni ɗaya duka sarƙoƙin suka faɗi nan take, kada a yi murna. Ko dai wayoyin biyu sun haɗe a wani wuri, wanda ke nufin sarƙa ɗaya ce ke nan mai suna biyu, ko kuma mai sa ido kan saɓani ne ya kashe su. Yawancin tsare-tsare suna da wannan mai sa ido, wanda in A da B suka yi saɓani fiye da ɗan lokacin da aka ƙayyade yake kulle komai. Ana bambance su da agogo da kuma littafin abubuwan da suka faru na kwamfuta: haɗewar waya ba ta jira, mai sa ido yana jira. Na uku, a sa rula a auna faɗin da ƙofa ta buɗe lokacin da makunnin ya yanke, a rubuta milimita nawa. Ƙofar kankare ko ta ƙarfe mai nauyi tana saukowa a kan hinjinta a hankali, adadin kuma yana ƙaruwa daga shekara zuwa shekara. Alamar "ya ci" ba ta nuna wannan, lamba ce ke nunawa.

Bayan an rufe ƙofa, izini bai kamata ya dawo da kansa ba. In ya dawo, babban lahani ne, domin mutum zai iya shiga ya ja ƙofa a bayansa.

A ƙarshe a gwada fita. Daga ciki, ƙofa ta buɗu da turawa ɗaya, da wuta ko babu, a kulle ko a buɗe.

Mataki na 4: makullai da mashiga

A yanayin taƙaitacciyar shiga, kowane mai shiga yana zare makulli ɗaya daga allon makullai ya riƙe a jikinsa. Muddin gurbi ɗaya babu makulli, babu bim. A zare su ɗaya bayan ɗaya, ba a dunƙule ba, a ga kowane ya karya A da B. In allon na da makulli 20, gwaji 20 ne. A gwada sa makullin wani yanki a gurbin wani, ya ƙi juyawa. A ƙirga makullan ajiya da ke cikin sef.

A LHC mutum yana shiga ta wani ƙaramin ɗaki mai ƙofa biyu da ke karanta katinsa, ya duba ƙwayar idonsa, ya tabbatar shi kaɗai ne, kaya kuma suna da nasu mashigin dabam. Irin wannan mashigi ana gwada shi da wayo irin na mai son ya tsallake: mutum biyu su matsu su shiga tare, a kawo katin wanda horonsa ya ƙare, a gwada buɗe ƙofa ta biyu ta farko ba ta rufe ba, a gwada bi ta mashigin kaya.

Mataki na 5: sintiri

Kafin a rufe rami, masu sintiri suna bi daga ƙarshe zuwa ƙofa suna leƙa kowane lungu, suna juya makulli a akwatunan da aka kafa a hanya bisa jeri. A fara yin sintirin daidai a ga ya kammala. Sannan a ɓata shi da gangan: a tsallake akwati na uku a je na huɗu, a fara daga ƙarshen jeri, a tsaya har lokacin da aka ƙayyade ya wuce, a buɗe wata ƙofa a bayan masu sintiri ana tsakiyar yi. Kowanne ya rushe sintirin yankin, a koma farko.

Akwai abin da waya ba ta aunawa: ko akwatunan suna nan inda suke tilasta wa mutum ya leƙa. In an kafa sabon akwatin kaya ko an jera tubalan kariya, an yi sabuwar maɓoya da sintirin bara bai san da ita ba. Mai shaida ya tsaya a kowane akwati ya tambayi kansa ina ne ba ya gani daga nan.

Mataki na 6: maɓallan gaggawa da jiniya

A danna kowane maɓalli, a ga A da B sun faɗi, a ga maɓallin ya maƙale har sai an sake shi da hannu a wurin, a ga allon ɗakin sarrafawa ya nuna sunan wurin daidai. In igiya ce ake ja, a ja ta a farko, a tsakiya, a ƙarshe, sannan a sassauta ta a ga ko tsinkewa ma tana kashewa.

Jiniya da sanarwar lasifika da rage hasken fitilu suna zuwa ne kafin bim, da jinkirin da ya isa mutum ya kai maɓalli mafi kusa. A auna jinkirin da agogo a kowace sarƙa. A kuma saurara daga wuri mafi nisa, famfuna da fankoki suna aiki, ba a ranar da rami ya yi tsit ba.

Mataki na 7: na'urorin da ke tsayar da bim

Duk abin da ya gabata ya nuna cewa rile yana faɗuwa. Bai nuna bim zai tsaya ba. Wannan mataki ana yinsa ne rami babu kowa, an yi sintiri na gaske, an kulle, tushen ƙwayoyi kuma har yanzu yana cikin kwaɗo.

Kowane yanki yana da aƙalla na'urori biyu masu zaman kansu da ke hana bim isowa. Yawanci ɗaya maganaɗisu ne mai lanƙwasa bim zuwa yankin, wanda in babu wuta bim ba ya bin hanyar, ɗayan kuma toshiya ce, ƙaton gungumen tagulla ko ƙarfe ko tangstin da ke faɗowa cikin bututu.

A cire kwaɗon maganaɗisu, a kunna shi a kan ƙaramar wuta. Daga waje, a karya sarƙar A kaɗai. Mutum ya tsaya a gaban na'urar ba da wuta ya ji faɗuwar kwantakta, wato babban makunnin da ke yanke wutar, ya ga mita ta sauka sifili. A maimaita da B, wadda ya kamata ta yanke ta wata hanya dabam. Kwantakta mai ɗaukar babbar wuta bakinta yana iya narkewa ya manne, ƙaramin makunnin da ke ba da rahoto kuma ya ce ta buɗe. Saboda haka ake amfani da rile masu bakuna a ɗaure da juna, kuma saboda haka ake auna wutar kanta maimakon kallon fitila.

Toshiya kuwa iska ce ke riƙe ta a sama, nauyinta ko sifirin ke sauko da ita. A cire izini, a auna daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin makunnan "ta shiga" su amsa, a gwama da na bara. In tana ƙara jinkiri, bawul ya fara toshewa ko sandar da ke ɗaga ta ta fara cijewa. A rufe iskar gaba ɗaya a ga ta faɗo. A yanke wutar bawul a ga ta faɗo. Lokacin da rami ke buɗe, a tabbatar da ido cewa gungumen da kansa yana motsi, don sanda na iya rabuwa da shi ta ci gaba da taɓa makunni.

Sai gwajin komawa baya. A sa tsarin ya ga kamar toshiya ta ƙi shiga. Cikin lokacin da aka ƙayyade ya kamata ya kashe na'urorin yankin da bim ke fitowa daga cikinsa, har zuwa tushe in ta kama, ya kuma hana ƙofa buɗuwa. Daga ƙarshe a cire kwaɗon tushen da na RF a yi musu irin gwajin da aka yi wa maganaɗisu.

Mataki na 8: lahani na ganganci

A zare fis ɗin A, sannan na B. A cire wayar sadarwa tsakanin PLC da akwatin nesa. A kashe PLC ɗaya. A ɗauke wutar gini a ga batir ya karɓa, sannan a ɗauke batir ɗin ma. Kowanne ya kai tsarin ga "babu bim", kuma in wuta ta dawo kada izini ya dawo sai an sake sintiri. A gwada na'urar gano zubar wuta zuwa ƙasa da resista da aka tanada: taɓa ƙasa a wuri ɗaya ba ya nuna alama, a wuri biyu kuwa yana iya zagaye makunni gaba ɗaya.

Mataki na 9: ma'aunan radiyeshan da na iska

Ma'aunin radiyeshan da ke da ikon kashe bim ana kusanto masa da ƙaramin tushen gwaji har ya haye iyakarsa, a ga ya yanke izini. A cire wayarsa, ya yanke. Daidaita awonsa aiki ne dabam na ɗakin awo. A nan a duba dai takardar shaidarsa ba ta ƙare ba.

Inda ake sanyaya maganaɗisu da hiliyam ko naitrojin, akwai haɗarin ƙarancin oksijin. Iskar da muke shaƙa tana da kashi 20.9 cikin ɗari. A Amurka ƙasa da 19.5 ana ɗaukarsa ƙaranci, a CERN ƙararrawa na tashi a 18. A ranar 19 ga Satumba 2008 kimanin tan 6 na hiliyam suka kwarara cikin ramin LHC, ba kowa a ciki. Ana gwada ma'aunin da iskar kwalba mai sanannen kaso, a busa masa ita a bakinsa, ba a danna maɓallin gwaji na allo ba, domin ƙwayar ma'aunin tana tsufa, maɓallin kuwa bai bi ta kanta ba.

In wani abu ya faɗi, da mayar da komai

Abin da ya ƙi aiki a karon farko ya faɗi gwaji, ko da ya yi a karo na biyu. A rubuta yadda aka same shi kafin a taɓa. Makunnin da aka ɗan bubbuga ya farfaɗo, a sauya shi. Bayan gyara a sake gwada shi da duk abin da ke kan layinsa, sannan a tambaya tun yaushe yake a mace, da kuma ko akwai irinsa a sauran ƙofofi da aka saya rana ɗaya.

A cire farantai da maganaɗisun riƙe makunni, a ƙirga wayoyin tsallake a gaban mutum biyu har adadin ya yi daidai da na safe. Ɗaya ta ɓace, ba a sakin bim sai an gan ta. A sake karanta lambar sa hannun PLC, a rufe akwatuna, a sa sabon hatimi a rubuta lambarsa. Duk inda aka kwance waya don gwaji, a sake buɗe wannan ƙofar sau ɗaya a ga A da B sun faɗi tare. Jagora da masu shaida su sa hannu a kowane shafi, jami'in kariyar radiyeshan ya duba, sannan a miƙa makullin izinin bim ga shugaban masu sarrafa injin.